Bakina Ya Ƙi Yi Wa Malamina Gardama

Ya Malam Nagoda,

Don Allah ka taimake ni da shawara, kada ka tura takardar nan ƙarƙashin wasu. Daga Ingila nake rubuto maka, amma ni ɗan Tudun Wadar Zariya ne. In na faɗi sunan mahaifina za ka san shi, shi ya sa ba zan faɗa ba. Jaridarku takan iso mana nan bayan ta tsufa, mu yi ta miƙa wa juna har ta yage.

Bara Gwamnatin Jihar Arewa ta turo ni ƙarin karatu kan aikin gona, bayan na gama digirina a Jami'ar Badun. Ƙuduji nake bincike a kai, ciyawar nan da ke shanye dawa tun daga saiwa. Ranar da zan taso, kusan rabin unguwarmu sai da suka raka ni tashar jirgi. Mahaifina ya dafa kaina ya sa mini albarka, matata Atika kuwa ko fitowa ba ta iya yi ba don kuka.

Sanyin ƙasar nan ba a magana. Abinci kullum dankali dafaffe, ba yaji ba daddawa. In ka gaida mutum a hanya sai ya dube ka kamar roƙonsa za ka yi. Duk wannan na haƙura, na ma fara sabawa. Abin da ya fi ƙarfina shi ne malamina.

Wani dattijon Bature ne, Furofesa, shi ke duba aikina. Ya daɗe yana aikin gona a Sudan, furfurarsa ta fi ta mahaifina. Ranar da na fara shiga ofishinsa na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi. Bawan Allah ya sunkuyo yana dube-dube a ƙasa, wai ya zaci wani abu na yar. Ya zaunar da ni a kujera daidai da tasa, ya zuba mini shayi da hannunsa. Wallahi a ɗarare na sha shayin nan.

Malam, ka san yadda aka tashe mu. Mahaifina malamin zaure ne. A gabansa ɗalibi ba ya ɗaga kai, balle ya ce ba haka ba ne. Tun ina ƙarami yake gaya mana cewa wanda ya yi jayayya da malaminsa, ko ya haddace littattafan duniya, karatunsa ba zai yi albarka ba. Ni kuwa na yarda da wannan har cikin zuciyata, ba don tsoron bulala ba. A Badun ba a gane ni ba, domin muna da yawa a aji, ka rubuta jarrabawa ka ci, shi ke nan. Nan kuwa daga ni sai shi a ɗaki. Ya yi bayani, ya tsaya yana jirana, in sunkuyar da kai in ce haka ne.

To, a watan jiya ne abin ya faru. Muna zaune ya ce a ganinsa ƙuduji ya fi yawa a gonar da ta sha taki, saboda haka a shawarci manomanmu su rage zuba taki. Malam, ko yaron da ke korar tsuntsu a Dutsen Abba ya san gajiyayyar gona ƙuduji yake so. Na ji maganar ta taso mini har wuya. Na ce haka ne.

Sai ya ajiye lofensa. Daga nan ya ce da gangan ya faɗi abin da ba daidai ba, don ya ga ko zan tanka. Ya ce ya san na sani, kuma abin da ya fi ɓata masa rai ke nan. Wai shi ba aku ya ɗauka ba, kuma ba zai sa hannu a ba wa mutum babban digiri ba alhali za a iya gaya masa ɓarna a kan abincin mutanensa ya gyaɗa kai. Ya ba ni wani babi na littafin da yake rubutawa, ya ce kafin hutun Kirsimeti in zo in nuna masa, baki da baki, inda ya yi kuskure. In ban yi ba, zai rubuta wa waɗanda suka turo ni cewa ban dace da wannan karatu ba.

Na karanta babin, na kuwa ga wuraren da ba su yi ba. Na je ofishinsa da niyyar magana, ina ganin furfurar nan sai harshena ya yi nauyi, na tambaye shi lafiyar iyali na fito. Na sake komawa, haka. Akwai wani Dozie da muke haya gida ɗaya, ɗan wani mai kanti a Sabon Gari, yana karatun lauya. Shi da malaminsa har buga tebur suke yi, su fito suna dariya. Dozie ya ce in daina abin ƙauye in buɗe baki kawai. Da sauƙin faɗa.

In na yi shiru, za a mayar da ni gida hannu biyu, in sauka a tashar da aka raka ni. In na yi gardama, ina tsoron in koma da takarda ba albarka. Ba na cin abinci, karatu ba ya shiga. Ban san wanda zan gaya wa ba sai kai.

Naka cikin damuwa,
Ɗan Tudun Wada a Ingila

*

Ɗana,

Na karanta takardarka, na yi dariya a wurin takalmi, na kuma tausaya maka a sauran. Kwantar da hankalinka, abin bai kai inda kake zato ba.

Ladabin da mahaifinka ya koya maka ba ƙauyanci ba ne, kada ka bari kowa ya raina maka shi. Shi ma Baturen bai kyauta ba da ya ɗana wa baƙo tarko tun bai tambayi al'adarsa ba. Amma ka lura, wanda yake so ya kore ka ba zai ba ka littafinsa ka gyara ba.

Yanzu ga taka. Dattijo ya faɗi abin da ka san ba daidai ba ne, ka ce masa haka ne. Wannan ba ladabi ba ne, ƙarya ka yi wa malaminka, sai dai ka yi ta a durƙushe.

Kai ɗan malamai ne, bari in tuna maka abin da ka fi ni sani. In liman ya yi tuntuɓe a karatu, wa ke gyara masa? Na bayansa. In ya miƙe a inda ya kamata ya zauna, mamu ke yi masa tasbihi, ko da ɗan cikinsa ne. Ba wanda ya taɓa cewa ya raina liman, kuma ba ya barin sahu don ya yi gyaran. Rubuta wa mahaifinka ka tambaye shi wannan, ina da yaƙinin amsar da zai ba ka.

Ga abin da za ka yi. Rubuta kurakuran nan a takarda, kowanne da hujjarsa. Sa Dozie ya zauna a matsayin Furofesa ka karanta masa da ƙarfi har bakinka ya saba, ya yi dariyarsa ya gaji. In ka shiga ofis, fara da gaya wa dattijon yadda ɗalibi yake a gaban malami a wurinmu, domin ban ga alamar ya sani ba. Sa'an nan ka nemi izini ka karanta. Ba sai ka buga tebur ba, ba sai ka zuba masa ido ba. Dubi takardarka ka faɗi gaskiya. Kuma kada ka jira Kirsimeti, je ka a makon da wannan ta same ka. Ka kuma ci abinci, ko dankalin ne.

Muryarka za ta yi rawa. Bar ta ta yi, kai dai ka kai ƙarshen maganar kafin ka tambayi lafiyar iyali.

Allah ya buɗe maka baki, ya sa wa karatunka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Malam Nagoda
Tudun Wada, Zariya