Hoton da Babu Ni a Ciki

Asabar, bayan isha'i, Wudil.

Yau Farfesa ya kwashe mu 'yan sashe zuwa Kano, gidan abincin Turkawan nan da kowa ke yabo, wai murnar tallafin binciken da muka samu. Wurin cike yake maƙil, sai da muka jira tebur. Gaskiya abincinsu ba laifi, gasasshen naman rago da gurasa mai zafi, ga arha.

Ni na rubuta takardar neman tallafin nan. Wata biyu ina zirga-zirga a gonakin Kausani da Utai ina hira da manoma, har takalmina ya tsinke. Da Farfesa ya miƙe jawabi, ya gode wa Dakta Sabo, ya gode wa Madam Rifkatu, har direba sai da ya samu. Na ajiye cokali ina jira.

Sai ya juyo ya ce, "Malama Hadiza, ke ce gwanar waya, ɗauke mu hoto mana."

Na ɗauka. Har sau uku, don Dakta ya ƙifta ido.

Yanzu an saka hoton a guruf, kowa na ta "Masha Allah". Ni ma na tura nawa. Ran Litinin Farfesa na jiran rahoton farko, kuma na san wadda za ta rubuta shi.