Katin Manya Biyu

Mitchells Plain, Cape Town
Talata

Ƙanwata Faldiela,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Yaya jikin naki, yaya maigidan da hawan jininsa? Mu nan lafiya ƙalau.

Na ce lafiya ne don haka aka saba faɗa, amma raina a ɓace yake. An ba yara hutu, sai Igshaan, ɗan da na haifa da cikina, ya sayi wani kati na iyali, wanda ake biya sau ɗaya a shiga gidajen tarihin garin nan duka har mako guda. Ya zo yana ta yi min baki wai kuɗin bai kai rabin abin da za a biya ƙofa-ƙofa ba. Katin na manya biyu ne da yara. Shi yana wurin aiki, don haka babba ɗaya matarsa Nuraan ce. Ni kuwa har na fito da takalmina mai laushi na goge.

Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, saboda gwiwarki, mun ga gara maman Nuraan ta raka su." Kin ji fa! Gwiwar da take hawa benensu kowace Lahadi da kwanon koesister, fanken nan namu mai zaƙi, ba a taɓa tausaya mata ba sai yau. Rugaya, uwar Nuraan ɗin, ita ce za ta riƙe hannun jikata Zayaan tana nuna mata duniya, ni ina gida ina gadin kyanwa. Na ce masa ba komai, Allah ya kiyaye hanya. Ban ba shi shayi ba.

Ki gaida kowa.
Yayarki, Galiema

Juma'a

Faldiela,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, abin ya wuce inda kike zato. Jiya suka biyo ta nan, yarinyar ko kwanon alawa ba ta kalla ba. Bakinta bai huta ba da zancen ɗaya kakar tata: Ouma Rugaya ta ce kaza, Ouma Rugaya ta san kaza. Sun ga ƙashin kifi mai girman bas, sun ga tsohon gidan bayi, sun hau ganuwar turawa. Na ce, "Ita Ouma Rugayar tare da ita aka gina ganuwar?" Sai yarinyar ta kwashe da dariya ta ce za ta tambaye ta.

Ni na yi jinyar yarinyar nan lokacin da ta yi ƙyanda, a bayana ta daina kuka. Yanzu don an sami rangwamen 'yan rand a bakin ƙofa, wata ta zama mai sanin komai. Kishi nake ji, ba zan ɓoye miki ba, kuma kar ki rubuto min wa'azi.

Abin da ya fi ci min rai, Zayaan ta ce gidan ƙarshe da ya rage musu shi ne na District Six, unguwar da aka rushe. Kin san mu 'yan Paarl ne, ba mu da ko bulo ɗaya a can. Amma marigayi maigidana Moegsien can aka haife shi, Rugaya ma haka. Tunda na aure shi bai taɓa ba ni labarin wurin ba. In na tambaya sai ya tashi ya kama wanke kwanuka yana ɗan gunguninsa. Yanzu wata ce za ta ba jikarsa labarin.

Ki sa ni a addu'a.
Galiema

Litinin

Ƙanwata abar ƙaunata,

Ina fatan kun tashi lafiya. Zauna ki karanta wannan da kyau.

Asabar da safe Rugaya da kanta ta bugo min waya. Ta ce, "Galiema, katin nan ba suna a jikinsa, manya biyu kawai aka rubuta, kuma yau zai ƙare. Nuraan ta gaji. Ni da ke ba manya ba ne?" Na so in ce ina da aiki, amma takalmin yana nan a goge.

A tsakar gidan tarihin akwai ƙatuwar taswirar unguwar shimfiɗe a ƙasa, ana takawa a kai, ga sunayen mutane inda gidajensu suke a da. Zayaan ta ce, "Ina gidan su Oupa?" wato kakanta Moegsien. Ba ni ta kalla ba, Faldiela. Ni da na binne shi, ba ni ta kalla ba. Rugaya ta taka kai tsaye ba ko dube-dube, ta ɗora sandarta ta ce, "Nan. Namu kuma ga shi, taga na kallon taga." Taga na kallon taga! Duk shekarun nan muna surukai ba ta taɓa faɗa ba, shi ma bai faɗa ba.

Sai ta ce wa yarinyar, "Kakanki ai mawaƙi ne. In ya tsaya a bakin kwana da yamma, har mai kifi sai ya ajiye ƙahon tallansa ya saurara." Na ce, "Anya ba wani Moegsien ɗin kike nufi ba? Nawa ko a biki bai taɓa buɗe baki ba." Ta ce, "Tun ranar da motar rusau ta shigo layinmu ya daina." Sannan ta fara rera wata waƙa a hankali, a gaban baƙi, ko kunya babu.

Nan take na gane ta. Gungunin nan ne nasa na wanke kwanuka. Tsawon aurenmu ina jin sa, na ɗauka hayaniya ce kawai, har nakan ce ya rufa min baki. Ashe waƙa ce mai kalmomi, kuma kalmomin suna wurin wata.

Tana tsakiya sai ta kakare, ta ce ta manta yadda take ƙarewa. Ban san lokacin da na ɗauka daga inda ta tsaya ba. Ba ni da kalma ko ɗaya, amma muryar na kai ta har ƙarshe, har da ɗan tarin da yake yi a wurin. Zayaan ta saki hannun Rugaya ta kama nawa. Ta ce, "Ouma, sake." Na sake. Har muka hau jirgin ƙasa ba ta sake ni ba, a kafaɗata ta yi barci, kuma na tabbatar Rugaya ta gani.

Za ki ce to ai na ci riba, sai in kwantar da hankalina. Hankalin ya ƙi kwanciya. Da muka fito daga gidan tarihin na tambayi Rugaya me waƙar take cewa, ta ce saurayi ne yake roƙon yarinya ta leƙo ta taga. Ta faɗa tana gyara ɗankwali, ba ta dube ni ba.

Na gayyace ta shan shayi ranar Lahadi. Zan soya koesister, in ba ta kujerar Moegsien, ta koya min kalmomin duka don in koya wa jikata da bakina. Abu ɗaya ne ba zan tambaye ta ba, ko ta leƙo masa ta tagar.

Ki gaida maigidan da yara.
Yayarki har kullum,
Galiema