Ranar da Raihanatu Ta Dama wa Baƙi Fura

Buza, watan Mayu

Zuwa ga ƙanwata Hindatu, a Dakar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya buɗe miki karatun da ya kai ki nesa da mu, ya dawo mana da ke da abin da kika tafi nema. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin bazara. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan suna da kanta. Yaya Bawa ya kwashe albasarsa a Tama, bana ta yi kyau, sai dai kowa ya noma, kasuwa ta yi sanyi. Ƙanenmu Sufyanu ya dawo daga bida, wato ci-rani, ya rame amma bakinsa yana nan yadda kika san shi.

Akwai wani kuskure da mutane da yawa ke yi, ina jin ke ma kin faɗa cikinsa: a ɗauka abin da baƙo ya gani ranar da ya zo shi ne halin gida kullum. Na karanta rahoton binciken da kuka yi, ke da abokan aikinki na jami'a, kan yadda ɗiya mata ke shiga darasin ordinatar, wato kwamfuta, a makarantun Madawa da Buza da Keita. Kun rubuta cewa a ajina maza ne ke zaune gaban na'ura, mata kuwa ƙalilan kuka gani, su ma a bencin baya. Kun ce ajin Madam Dije ta Keita shi ne abin koyi, don haka ɗalibanta za ku kai horon bakansi, na lokacin babban hutu, a Yamai, ita kuma za ta yi magana a taronku. Dije fa, Hindatu. Tare muka yi makarantar horar da malamai, ni nake nuna mata inda ake kunna na'urar. Yau ga hotonta cikin rahoto da sabon mayafi, ta dafa kafaɗar wata yarinya kamar ita ta haife ta, ni kuwa ko sunana babu, sai “makaranta ta biyu”. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ki gaya wa Dije ta shirya girbi, don makon nan na zuba mata taki mai yawa.

Bari in tuna miki yadda ranar ta kasance. Kin iso da baƙi daga wata ƙasa, kun sha rana a hanyar Madawa, ɗaya daga cikinsu fuskarta ta yi ja kamar tattasai. Ke ƙanwata ce, baƙinki baƙina ne, kuma Inna ta ja mini kunne tun da safe kada in kunyata gidanmu. Sai na tashi ɗiyan da na fi yarda da hankalinsu: wasu su share inuwar iccen bedi su shimfiɗa tabarmi, wasu su kawo ruwan randa, Raihanatu kuma ta dama fura, don nonon gidansu babu irinsa a nan. Wa ya rage a aji? Maza, da ƴan matan da ba su daɗe da farawa ba. Su kuka tsaya kuna kallo kuna rubutawa. Furar nan da kika sha har kika nemi ƙari, kika ce ta tuna miki da ta Kaka, wadda ta dama ta ita ce ta fi kowa iya na'ura a duk makarantar. An ce mini a Keita ruwan leda kawai aka miƙa muku, shi ma sai da kuka tambaya. Ashe Dije ta fi ni sanin abin da masu bincike ke sha.

Da muka yi waya, kin ce mini ai wannan shi ne ainihin abin da bincikenku ya gano a wurare da yawa: in aike ya taso a lokacin darasi, mace ake tashi, namiji ya ci gaba da zama a gaban na'ura, kuma malamai mata ma haka suke yi ba tare da sun lura ba. Na yi shiru ne don maganar ta shige ni, ba don kuran lantarki ya ɗauke ba kamar yadda na ce miki. Yanzu in baƙo ya zo, maza nake aika ɗebo ruwa, ko da rabinsa a ƙasa yake ƙarewa. Amma ki yarda abin da ciwo. Ni na kama yatsunki na ɗora a kan madannai kina ƙaramar yarinya, yau ke ce ake kira daga ƙasa zuwa ƙasa ki faɗi yadda ake koyar da ɗiya mata, ni da nake yini da su ina karanta labarin ajina a bakinki. Ɗalibaina ma tun zuwanku ba su da magana sai ta Madam Hindatu, har da mai ɗaura kallabi irin naki.

Duk wannan zan iya haɗiye shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Raihanatu. Ɗiyar Gidaɗo ce, makiyayin nan na bayan Tama da Baba ke ba kiwon shanunsa. Da kanta ta rubuta wani ɗan shiri a na'ura wanda ya san kowace saniya ta garkensu da sunanta da uwarta, in an tashi haɗa ta da bijimin da suke jini ɗaya sai ya yi gargaɗi. Bana take gama kolej. Na je har ruga na roƙi ubanta ya bar ta ta wuce lise, babbar sakandare, a Tawa, ta zauna wajen gwaggonta. Ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce yabon malama kamar yabon uwa ne, ba a auna yaro da shi. Ya ce in waɗancan masanan da suka zo da mota suka kira ta Yamai, ya san abin gaske ne, zai bar ta. In ba su kira ta ba, ruwa na sauka za ta bi garke arewa tare da ƴan uwanta. Kin ga inda muka tsaya: shekaruna da yarinyar nan ba su kai nauyin kalma ɗaya daga bakinki ba, ke da kika san furarta kawai.

Ki gaida mini Kawu Lawali da iyalinsa, da maigidan da kike zaune wajensa. Inna ta ce a tambaye ki ko kina cin abinci. Yaran gida, Mahfuzu da Amina, suna gaishe ki, Yaya Bawa ya ajiye miki albasa.

Ba na roƙon ki cire ɗiyan Dije, ko da yake Allah ya san zuciyata. Na ji za ki zo Yamai kafin damina. Ki ƙaro hanya ki iso Buza, kada ki gaya wa kowa ranar, har ni. Ki shigo aji, ki zauna kusa da Raihanatu, ki ba ta aikin da kika ga dama, wanda ya fi wanda kuka ba ɗiyan Keita wuya, ki gani da idonki ko ta cancanci a kira ta Yamai. Na yi miki alkawari ko ruwa ba za ki samu ba sai ta gama.

Yayarki mai son ki duk da haka,
Zulaiha