Waƙar Turminki a Bakin 'Yan Talla

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar girmamawa daga 'yarki Rabi, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike. Mutanen gida duk lafiya. Maigidana yana gaishe ki, jikokinki sun yi wayo, gero kuma ya yi bana daidai gwargwado. Bayan haka, na zo miki da ƙara, na kuma zo da laifi. Zan fara da ƙarar don ta fi sauƙin faɗa.

Inna, 'yan talla sun taɓa waƙarki.

Na san za ki ce ba taki ba ce, kuma gaskiyarki. Tsohuwar waƙar mata ce ta jiran matafiyi, wadda wata zabiya ta rera da kiɗan ƙwarya tun ba a haife ni ba, rediyo ya yi ta saka ta a shirin gaishe-gaishe har kowa a Matameye ya haddace farkonta. Amma ni a bakinki na san ta, kuma ba wanda zai sa in kira ta waƙar wani.

Ba da ita suka fara ba. A damina ukun nan da ba kya nan, babu tsohuwar waƙar da suka bari ta huta. Wadda ake yi wa manoma a gayya yanzu shayi take sayarwa. Ta rarrashin jarirai ta koma ta maganin sauro. Akwai wata ta yabon jarumai da aka liƙa wa sabulun wanki, sai ki ji namiji da ƙatuwar murya yana yi wa kumfa kirari. Kin san bakina. Nakan yi tsaki, in ce wa rediyon, to saura kiran sallah ku sayar da omo da shi, sannan in yi dariya in ci gaba da aikina. Abin bai zo kaina ba tukuna.

Masu karanta wannan a waya ba su san Yaya Lawali ba, don haka ki yi haƙuri in faɗa a gabanki. Shi ne ɗanki na fari. Shekarar da gero ya ƙi, ina 'yar shekara goma, ya hau bayan kamyo, babbar motar kaya, a tasha ranar kasuwa, ya nufi arewa neman abin rufin asiri. Sau ɗaya wani mutum ya zo ya ce ya gan shi a Arlit yana shirin wucewa gaba. Daga nan ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya sake cewa ya gan shi. Yau shekara ashirin da biyar ke nan.

Baba ya gaji da jira, ya kawo maganar a yi masa sadaka. Kika ce, "Ban ga gawa ba, ba zan karɓi gaisuwa ba." Har Baba ya rasu ba ki sauya ba. In baƙuwa ta yi kuskure ta ce Allah Ya jiƙan Lawali, ba kya cewa amin. Sai ki tashi ki ce kin bar abu a wuta.

Kowace ranar kasuwa kina yin furar sayarwa. Injin niƙa ya zo unguwa, kowa ya huta, ke kika ce furar inji ba ta da ɗanɗano. Ni dai na san dalilinki. A bakin turmi ne kawai kike iya kiran sunansa da ƙarfi ba a ce kin zautu ba. Kina juya turmin ta yadda za ki fuskanci ƙofar gida, ki bar ta a buɗe, ki ɗaga taɓarya.

Mai tafiya, waiwayo ka gan ni,
na daka gero, na ajiye naka,
rana ta yi, ban ja ƙofa ba,
Lawali, waiwayo ka gan ni.

In kin kai nan sai ki koma farko. Haka har a gama kirɓi. Curi ɗaya, mafi girma, kina rufe shi da faifai a kan randa. Ba mai taɓa shi har motocin kasuwa su gama shigowa su gama fita. Sai an kira magariba kike miƙa wa duk wanda ya zo wucewa, kuma ba ki taɓa kiransa sadaka ba. Cewa kike, "Karɓi, kada ta yi tsami."

Ranar da za ki tafi, bayan la'asar, kin riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban zaci ya rage miki ba. Kika ce, "Rabi, ranar kasuwa kada turmin nan ya yi shiru. Ki kira shi." Na ce to. Na ɗauki turmin zuwa gidana, na juya shi yana kallon ƙofa, na riƙe alkawari shekara biyu da wani abu ban tsallake kasuwa ko ɗaya ba.

Sai wata safiya, hannuna cikin gari, rediyo na rataye a ƙusa, na ji bugun ƙwaryar nan guda uku da waƙar take farawa da su. Gabana ya faɗi. Wallahi, Inna, juyawa na yi ina neman ki. Sai ga muryar wani saurayi, da kiɗan na'ura mai sauri kamar ana korar sa.

Mai tafiya, zo ka hau tamu,
kujera mai laushi, sanyi a ciki,
yau ka tashi, gobe kana arewa.

A gurbin da kike sa sunan ɗanki, nan suka sa sunan kamfaninsu na motocin safa. Suka maimaita shi sau uku, wata mace ta rangaɗa guɗa.

Ki duba fa. Waƙar uwa mai jiran ɗan da hanya ta ɗauke, ita aka ga ta dace a kira 'ya'yan mutane su hau hanyar da ita. Ko dai wanda ya haɗa tallar bai taɓa sauraron kalmomin ba, ko kuwa ya saurara bai damu ba. Ban san wanne ya fi ba ni haushi ba.

Na kashe rediyon, na cire masa pil, na jefa shi cikin kwalla. Bai yi amfani ba. Tele ɗin maƙwabta yana yi ta kan katanga. Lasifikar tasha tana yi tun hantsi. 'Yan kabu-kabu sun sa ta a wayoyinsu, yaran unguwa suna tsalle da ita a hanyar lakwal, makarantar boko. Na yi ta mita har maigidana ya ce, "Rabi, waƙa ce fa, ba aya ba ce." Ban san yadda zan gaya masa cewa a cikinta kaɗai nake jin muryarki sosai ba. Fuskarki tana nan a hoto. Muryar ce ba mu ɗauka a komai ba.

Ga laifin na farko. Wata ranar kasuwa na ɗaga taɓarya, na buɗe baki, na ji kaina ina cewa kujera mai laushi. Na tsaya, na yi a'uziyya, na sake farawa. Hannuna ya bi saurin kiɗansu, bakina ya bi hannuna. Da na kai gurbin sunan, Inna, sunan kamfanin mota na kira. A bakin turminki, ina fuskantar ƙofa.

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarki. Na nemi kalmominki a kaina, na samu layin farko, sauran duk tasu ta hau kai. Tsoro ya kama ni in sake gwadawa. Kasuwa uku turmin yana kife, na kai gero inji kamar kowa. Curin kuwa ban fasa ajiye shi ba, amma ba wanda ya kira mai shi.

A kasuwa ta huɗu ƙanwarki Iya Hajo ta faɗo mini a rai. Kin san kunnenta ya toshe tun kina da rai. Sai na ce a raina, duk ƙasar nan in akwai wadda tallar ba ta shiga kanta ba, ita ce. Washegari na hau taksin Dungu, garin da take zaune, direban kuma bai fasa saka mana ita sau biyu a hanya ba.

Na same ta a gindin darbejiya tana tsince wake. Ta tsufa ƙwarai, amma bakin yana nan. Ta dube ni ta ce, "Ke kuma wa ya mutu da kika tuna da ni?" Na durƙusa na sa baki a kunnenta, na yi ta ihu har maƙwabta suka leƙo. Da ta gane abin da nake nema sai ta yi dariya, ta ce, "Waƙar daka ba a zaune ake tambayarta ba. Ɗauko taɓarya biyu."

Muka zuba gero. Na fara da saurina, ta buge mini hannu. "Wa yake korar ki? Jira ake yi a waƙar nan, ba gudu ba." Ta sauke tata a hankali, na bi ta, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Sannan ta buɗe baki. Muryarta ta shaƙe, tana kaucewa, don ba ta jin kanta, amma numfashin irin naki ne, inda kike ja nan take ja. Kalmomin suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, na daka gero, na ajiye naka. Na rufe ido don kada in ga ba ke ba ce.

Da muka kai inda kike komawa farko, na ja numfashi zan koma. Iya Hajo ba ta koma ba. Ta wuce.

Mai tafiya, in ƙasa ta riƙe ka,
kwanta, na yafe maka nonona,
naka na bai wa mai wucewa,
bari in ja ƙofa.

Taɓarya ta kusa suɓuce mini. Shekara talatin da biyar ina duniya ban san waƙar tana da ƙarshe ba. Rediyo bai taɓa kaiwa nan ba, kullum mai gaishe-gaishe yana katse ta da sunayen mutane. Na tambaye ta da hannu, daga ina wannan? Ta jingina taɓaryarta ta ce, "Yaya Hajara ce ta koya mini, muna 'yan mata. Daga ranar da Lawali ya hau mota ta daina kaiwa nan. In na kai, sai ta bar mini turmin ta shige ɗaki."

A taksin dawowa tallar ta sake zuwa, na saurare ta da kyau a karo na farko. A daidai inda kike yanke waƙar, nan su ma suka yanke ta. Su don ba a sayar da tikiti da wancan baitin. Ke kuwa don ranki ba zai ɗauka ba. Na ji tausayinki ya kama ni fiye da kowane lokaci, Innata. Ashe duk shekarun nan kina tsaye bakin turmi da ƙarshen waƙar a bakinki, kina haɗiye shi kowace kasuwa, mu kuma muna gefe muna jiran a ba mu ɓarɓashin fura.

Ga laifin na biyu, kuma shi ya sa na rubuto. Kasuwar da ta wuce na tayar da turmin, na juya shi yana kallon ƙofa, na daka a hankali yadda Iya Hajo ta nuna mini. Na kira Yaya Lawali da sunansa, da ƙarfi, har maƙwabciyata ta rage tele. Da na kai inda kike komawa, na tsaya da taɓarya a sama. Sannan na wuce. Na rera shi har ƙarshe, a madadinki, tun da nonon naki ne ba nawa ba.

Ban jira magariba ba. Da hantsi na ɗauki curin nan mafi girma na tafi tasha. Na samu wata tsohuwa zaune kan ƙunshin kayanta tana jiran mota ta cika. Na miƙa mata na ce, sadakar yayana ce, sunansa Lawali. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Allah Ya jiƙan sa, Ya sa ya huta."

Na ce amin, Inna. Lasifikar tasha tana ta kujera mai laushi a kanmu, na ce amin. Na dawo gida na ja ƙofa.

Ban sani ba ko na cika alkawari ko na karya shi. Kin ce kada turmi ya yi shiru, kuma ba zai sake yi ba. Kin ce in kira shi, na kira, zan kuma ci gaba da kira duk ranar kasuwa, sai dai yanzu zan riƙa kai waƙar ƙarshe. Na ji tsoro ne. Rabin waƙa suka samu a bakina suka cinye. Wannan baitin ba za su taɓa so ba, shi kaɗai ne na tabbata zai zauna namu.

Har yanzu in bugun ƙwaryar nan uku ya fito daga wayar wani, gabana yana faɗuwa, ina kuma juyawa. Ba na jin zan daina.

In na yi miki shisshigi, ki yafe mini kamar yadda kika saba. In Yaya Lawali yana wani gari da ransa, Allah Ya juyo da shi, ƙofar a jaye take kawai, ban sa mata sakata ba. In kuwa yana inda kike, to kin riga ni sani, kuma kin daina jira.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi, Ya haɗa ki da Baba da duk wanda kika yi kewa. Allah Ya tsare 'ya'yan mutane da ke kan hanya, Ya mai da su ga iyayensu. Amin.

Taki har kullum,
Rabi, mai riƙon turminki.