Ƙafar da Ba Ta Iya Shiru

Sakajiki, ta Ƙaura Namoda.

Zuwa ga Yayata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da Malam Sanusi da yara can Ibadan. Mu nan da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana nan, idon ne dai ya ƙara rauni. Gero ya yi kyau bana, amma na gonakin nesa mun bar wa tsuntsaye, don ba mai zuwa yanka saboda ɓarayin daji.

Abin da ya sa na rubuto miki, kwatangwalona ne na dama. Tun bara da tafiyar ƙasa ta yi mana yawa, yau gudu Ƙaura gobe dawowa, ya fara ƙara. In na miƙe ko na ɗaga ƙafa sai ki ji ƙwas, kamar an karya kara. Da farko dariya muke yi, har Muttaka, maigidana, ya ce ya huta da cigiyar matarsa. Da zafi ya shigo sai aka kai ni wurin Tsoho mai ɗori. Ya ce gocewa ce, ya sa aka danne ni ya ja ƙafar har na kira sunan Babanmu da ke kabari. Na tashi da kumburi, ƙarar kuwa ko gezau.

Daga baya na ga likitan gashin ƙashi a Ƙaura. Ya ce ƙashina lafiya lau, jijiya ce ta ɗaure take goga kan ƙashin tana tsallakewa, kamar igiyar guga a bakin rijiya. Ya hana a sake ja, ya koya mini yadda zan riƙa miƙa ta safe da yamma, ya ba ni maganin zafi. Ya ce in ɗora ƙanƙara. Ƙanƙara a Sakajiki, Yaya! Babban maganin kuma wai hutu ne, ban da gudu, ban da doguwar tafiya. Ya ƙara da cewa ciwon ba ya kisa. Ban yi masa musu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar Talata da hantsi ɓarayin daji suka biyo ta bayan gari. Muka faɗa cikin dawa mu mata, muka kwanta. Babura na tsaye kusa, har maganarsu muna ji. Ƙafata ta sage, na ɗan motsa ta kaɗan, sai ƙwas. Allah ya rufa asiri ba su ji ba, amma kallon da matan suka yi mini ba zan manta ba. Jiya da aka sake gudu, kowa ta canza hanya ta bar ni. Wallahi ban ga laifinsu ba. 'Yata Laila kaɗai ta tsaya, tana jan hannuna, ita da ta fi kowa sauri a garin nan. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce ba inda za ta ba ni.

Yaya, na cire rai da warkewa, don hutun nan ba samunsa zan yi ba. Ki karɓi Laila. Muttaka ya amince, Kamilu direba zai taho da ita ranar kasuwa. Na ce mata hutu za ta zo na wata ɗaya. Kada ki gyara mini ƙaryar nan sai ta saba da ku.

Ki gaida Malam Sanusi, da Rahma, da Hafiz. Inna tana sa muku albarka. Ku sa mu a addu'a. Ni dai in sun sake zuwa, ina so in kwanta cikin dawar nan ni kaɗai.

Taki ƙanwa,
Maimunatu.