Wa Ya Sa Wa Rumbunmu Ƙofa?

Zuwa ga ɗalibina Aminu, a Kaduna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan Tambuwal sai godiya. Na sa wasiƙar nan a fili ne domin yaran da ke bin shafinka su ma su karanta.

Mutane da yawa sun ɗauka mayar da littafi labarin zane kwafe ne kawai, a ɗebo magana a ɗora mata hoto. Ban zaci kana cikinsu ba, Aminu, sai da na ga kashi na baya-bayan nan na littafin matasan da kake zanawa kana saki a intanet.

Ni na fara miƙa maka littafin nan kana aji uku. Ka san wurin da ake ɗora Rabi kan tsani, a zura ta cikin rumbu ta sama don ta miƙo damin gero. A cikin duhun nan ita kaɗai ta ga hatsin ya kusa ƙarewa, ta fito ta ce wa mahaifiyarta akwai saura da yawa. Duk labarin a kan wannan ƙaryar ya tsaya.

Kai kuma ka zana rumbun da ƙofa a ƙasa, har da kwaɗo. To me zai hana uwar ta buɗe ta leƙa? Kai da kakarka take garin Kebbe, kai da ka sha dawowa hutu da ƙaiƙayi a wuya, yaushe ka ga rumbun laka mai ƙofa? Ka ƙara wa Rabi hasken fata, ka sa mata takalmi mai tsini a gona. Wannan ma na haɗiye.

Abin da ban haɗiye ba shi ne Saratu. Ba ka san ta ba, 'yar Kebbe ce, tana ƙungiyar karatun da nake yi da yara ranar Asabar. Tun bara take rubuta labarin wata yarinya mai shanya albasa a bakin fadama, kuma ya yi kyau ƙwarai. Makon jiya ta kawo mini shi, ta kwashe kowa ta kai Abuja, yarinyar ta koma 'yar gidan bene. Da na tambaye ta dalili ta ce, "Malama, wa ka son ganin Kebbe cikin waya? Ko Yaya Aminu sai da ya gyara ta."

Hannunka take kallo, ba bakina ba.

Ban ce ba ka iya ba. Har yanzu ina tuna akuyar da ka zana a gefen allo, na hana a goge har aka tashi. Idon da ya ga akuyar nan nake nema.

Saratu ta yarda ba za ta yaga tsohon labarinta ba sai ta ga abin da za ka yi. Ka zo lokacin girbi, ka hau tsanin da kanka, ka leƙa, ka sake zana shafin. Ku ma masu karantawa, kowa ya ɗauki fensir ya gwada zana abin da ke tsakar gidansu yadda yake.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai a garin mutane, ya kawo ka gida lafiya.

Malamarka, mai fushi da kai kaɗan,
Hadiza