Takardun da Ke Ƙarƙashin Katifa

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Ni lafiya lau, sai dai hannu ya fara rawa. Yanzu sai an zura mini zare kafin in gwada keken ɗinkin da na gyara.

Akwai abin da na ɓoye miki. Duk lokacin da kika tambayi batun bizar aikin babban ɗanki, sai in ce takardu suna hanya. Ba su taɓa barin ƙarƙashin katifata ba. Wata takwas ke nan da manajan kamfanin ɗinkin da nake wa aiki a ƙasar nan ya ce mini, "Baba, gurbin baƙon makaniki ɗaya tak hukuma ta ba mu, kuma kai ne a ciki. In ka sauka, sai mu ɗauki nauyin ɗan naka." Na karɓi fom na ɓoye. Tsoro na ji. Shekara talatin ba ni da abokin hira sai kekunan nan, ban san me zan zama a gida ba. Ɗan naki kuwa ya rufe shagonsa yana jira, har yana aiko mini da godiya.

Jiya na sa hannu. Ki ce ya shirya fasfonsa. Akwatin kayan aikina ma nasa ne.

Ki roƙe shi ya yafe wa kawunsa, ni bakina ba zai iya ba. In ƙaramin ɗakin baya yana nan, a share mini. Kada kowa ya zo tarya.

Allah ya yi muku albarka.

Yayanki